Ranar da Auta ta Goge Filash ɗin Umma

Akwai wata yarinya 'yar aji shida da ake kira Auta a gida, domin ita ce ƙarama a ɗakinsu. Shekarunta goma sha ɗaya. Tana da kaifin kai, kuma ta san tana da shi.

A makaranta babu darasin da take so kamar na kwamfuta. Kafin Malama ta gama tambaya, hannunta yana sama. In kwamfutar wani ta tsaya cik, ita ake kira. In sauti ya ƙi fita, ita ake kira. Har ta saba da cewa, "Kawo nan, ai wannan mai sauƙi ne."

Ummanta tela ce. Shagonta yana bakin titi, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da littattafai. A cikin shagon akwai keken ɗinki biyu, da teburin yanka, da kanta cike da zare kala-kala. A kusurwa kuma akwai injin ado, wanda Umma take ji da shi ƙwarai.

Injin adon yana da ɗan allo a gabansa. A gefensa akwai wani ɗan rami da ake soka filash, wato 'yar na'urar nan mai tsawon yatsa da ake ajiye hotuna da rubuce-rubuce a cikinta. In Umma ta soka filash, sai sunayen zanen ado su jeru a allon. Ta zaɓi wanda take so, injin ya ɗinka shi a kan yadi shi kaɗai.

Duk zanen nan Umma ce ta yi su da hannunta. Takan fara a takarda, sannan ta mai da su cikin wata tsohuwar kwamfuta da ke kan teburin yanka. Shekara uku tana tara su. Akwai furanni, akwai tsuntsaye, akwai haruffa masu lanƙwasa. Ba ta barin ko zane ɗaya a kwamfutar, domin ta ce ta tsufa, ba abin yarda ba ce. Komai yana cikin filash ɗin nan baƙi guda ɗaya.

Ranar Talata, Malama ta shigo ɗakin kwamfuta da wani ƙaramin kwali. Ta raba wa kowane tebur filash ɗaya.

Ta ce, "Ku duba jikinsa. Nawa aka rubuta?"

Suka ce, "Giga takwas."

"To, ku soka shi ku gani. Nawa kwamfuta ta nuna?"

Auta ce ta fara amsawa. "Malama, giga biyu kawai."

Malama ta ce, "Ina sauran shidan suka shiga?"

Wani yaro daga baya ya ce wataƙila sun zube a hanya. Aka yi dariya.

Malama ta zana babban ɗaki a allo, ta ja layi a cikinsa. Ta ce, "Ku ɗauka filash ɗaki ne. Wani lokaci akan gina bango a tsakiyarsa, ƙofa ta buɗe zuwa ƙaramin gefen kawai. Babban gefen yana nan, amma ba a iya shiga. In muna son ɗakin ya dawo da girmansa, sai mu rushe bangon, mu share ɗakin tas. Wannan sharar ita ake kira fomatin. Matakai uku ne. Ku saurara da kyau."

Ta ɗaga yatsa ɗaya. "Mataki na farko..."

Amma Auta ba ta jira ba. Ta riga ta hango wurin da za a danna a hoton da ke littafinsu. Kanta yana ƙasa, hannunta yana kan linzamin kwamfuta. Ta rushe bangon. Ta danna fomatin. Wani ɗan akwatin rubutu ya fito, ta danna "To" ba tare da ta karanta ba.

Malama tana cikin bayanin mataki na biyu, Auta ta ɗaga hannu. "Na gama, Malama. Nawa ya dawo takwas."

Malama ta zo ta duba. Ta ce, "Ya yi daidai. Amma kin ji abin da na faɗa da farko?"

"Na ji, Malama."

Ba ta ji ba. Sai dai filash ɗin makaranta babu komai a cikinsa, saboda haka babu abin da ya ɓata. 'Yan aji suka tafa mata. Ta koma gida ranar tana tafiya kamar wadda aka ba lambar yabo.

Washegari Laraba, da aka tashi daga makaranta, ta wuce shagon Umma kamar kullum. Ta tarar da Kaka, mahaifiyar Umma, zaune a kujerarta ta bakin ƙofa tana sa maɓallai. A kan teburin yanka an tara fararen riguna ƙanana guda arba'in.

Auta ta gaishe su, ta ce, "Umma, na wa ne waɗannan?"

Umma ta ce, "Na makarantar ƙananan yaran nan ne. Ranar Asabar za su yaye ɗalibai. Kowace riga sai an ɗinka mata tambarin makarantar a ƙirji."

Ta nuna mata guda ɗaya da ta gama don gwaji. Tambarin tsuntsu ne shuɗi, tsaye a kan buɗaɗɗen littafi, an zagaye shi da zare ruwan gwal.

"Kwana huɗu na yi ina zana wannan tsuntsun," in ji Umma. "Fukafukansa sun ba ni wahala."

Sai ta juya wajen kwamfuta don ta ajiye hoton rigar a filash. Kwamfutar ta ƙi. Umma ta yi tsaki.

"Wai ya cika. Kullum ya cika. Ga shi a jikinsa an rubuta goma sha shida, amma bai taɓa ɗaukar abin kirki ba. Tun da yayanki ya yi gyaran wata kwamfuta da shi ya ba ni, haka yake."

Auta ta leƙa. Kwamfuta ta nuna giga ɗaya kawai, kuma ya cika maƙil. Idanunta suka yi haske.

"Umma, na san matsalarsa. Bango ne a ciki. Jiya aka koya mana, kuma ni na fara gamawa a duk ajin. Minti biyu zan gyara miki shi."

Kaka ta ɗago kai. "Bango a cikin filas? A zamaninmu shayi ake zubawa a ciki."

"Kaka, filash, ba filas ba."

"Duk ɗaya ne a kunnen tsohuwa. Ke dai kin fiye iyawa."

Umma ta ɗauki jakarta. Ta ce, "Auta, bar shi tukuna. Bari mu gama aikin mutane, sai mu zauna ki nuna mini. Zaren gwal ɗina ya kusa ƙarewa, zan je in sayo. Ki share ƙasan teburin nan kafin in dawo."

Ta fita.

Auta ta ɗauki tsintsiya. Ta share ƙyallaye biyu uku. Idonta yana kan filash ɗin da ke soke a jikin kwamfuta. A ranta ta ce, "Minti biyu ne fa. In Umma ta dawo ta ga goma sha shida, sai ta yi murna. Me zai sa a jira Asabar?"

Ta jingine tsintsiyar, ta ja kujera.

Ta buɗe wurin da ta buɗe jiya. Ga bangon nan kuwa, kamar yadda ta faɗa. Ta rushe shi. Ta danna fomatin. Ɗan akwatin rubutun nan ya sake fitowa, da alamar ruwan ɗorawa a gefensa.

Kaka ta ce, "Me ya rubuto miki haka?"

"Ba komai, Kaka. Haka yake yi kullum."

"Ba uwarki ta ce ki bari ba?"

"Ai taimakonta zan yi."

Ta danna "To".

Wani koren layi ya gudu daga hagu zuwa dama. Shi ke nan. Auta ta duba, ta ga filash ya koma kusan giga goma sha shida. Ta yi murmushi har kunne.

Don ta tabbatar aikin ya yi kyau, sai ta ɗauko wani dogon bidiyon koyon lissafi da ke cikin kwamfutar, ta zuba shi a filash ɗin. Ya shiga tsaf, ga kuma wuri birjik.

Tana gama shara Umma ta dawo.

"Umma, zo ki gani. Na gyara."

Umma ta tsaya da ƙullin zare a hannu. "Kin gyara me?"

"Filash ɗin. Dubi, goma sha shida."

Umma ba ta dubi lambar ba. Ta zare filash ɗin, ta kai shi wajen injin ado, ta soka. Allon ya kawo haske. Inda sunaye suke jeruwa kullum, yau fili ne fari fat.

Ta zare, ta hura shi, ta sake sokawa. Babu komai.

Ta mai da shi jikin kwamfuta ta buɗe. Abu ɗaya ne a ciki, bidiyon lissafi.

"Auta, ina zanena?"

Auta ta matso. Ta danna nan, ta danna can. Ta rufe, ta buɗe.

"Suna nan, Umma. Dole suna nan. Bangon kawai na cire."

Sai maganar Malama ta faɗo mata a rai: mu share ɗakin tas. Ashe sharar ba ta barin komai.

Da farko ta so ta ce laifin injin ne, ko kuma tsohuwar kwamfutar. Umma ma da kanta tana cewa ba abin yarda ba ce. Amma ta dubi fuskar Umma, ta kasa.

Ta ce, "Ni ce, Umma. Na yi masa fomatin. Ban san zai goge komai ba. Ya rubuto wani abu, ban karanta ba."

Umma ta zauna a kan kujerar keke a hankali. Ta dubi rigunan nan arba'in. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi wa Auta sauƙi.

Can ta ce, "Me na ce miki kafin in fita?"

"Kin ce in bari."

"Aikin shekara uku ne a ciki. Kuma jibi da yamma shugabar makarantar za ta zo karɓar kayanta. Yara arba'in suna jiran rigunan nan."

Hawaye suka zubo wa Auta. "Ki yi haƙuri, Umma."

Kaka ta ajiye allurarta. Ta ce, "Kuka ba zai dawo da tsuntsu ba. Wadda ta koya miki rabin aikin, ai ta san sauran rabin. Gobe ki kai mata."

Auta ta share ido. Ta ce, "Zan kai mata, kuma zan gaya mata gaskiya."

Umma ta naɗe filash ɗin a wani ƙyalle ta miƙa mata. "Kada ki sake soka shi ko'ina sai a gaban Malama."

Ranar Alhamis Auta ta riga kowa zuwa makaranta. Ta tsaya a ƙofar ɗakin kwamfuta har Malama ta iso da makullai.

"Lafiya, da sassafe haka?"

Auta ta ba ta labari tun daga farko. Ba ta rage komai ba. Har ta ce, "Ranar Talata da kika tambaye ni ko na ji mataki na farko, na ce na ji. Ban ji ba, Malama."

Malama ta buɗe ƙofa, ta ce ta shigo. Ta ɗauko littafin darasi, ta nuna mata layin farko. "Karanta da ƙarfi."

Auta ta karanta. "Kafin ka yi fomatin, ka kwafe duk abin da ke ciki zuwa wani wuri, ka buɗe kwafin ka tabbatar ya yi."

"Wannan shi ne matakin da ya fi sauran muhimmanci," in ji Malama. "Sauran biyun kowa zai iya. Yanzu gaya mini, bayan kin yi fomatin, kin zuba wani abu a ciki?"

"Bidiyo ɗaya."

"Babba ne?"

"Yana da tsawo."

Malama ta ɗan girgiza kai. Ta ce, "Bari in yi miki bayani. In aka yi fomatin na gaggawa, ba nan take abubuwan suke ɓacewa ba. Kamar littafi ne aka yage shafin da ke nuna inda kowane labari yake. Labaran suna nan, sai dai kwamfuta ba ta san inda suke ba. Akwai manhajar da ke bin shafi ɗaya bayan ɗaya tana nemo su. Amma duk shafin da aka yi sabon rubutu a kansa, ya tafi ke nan."

"Bidiyon nawa ya hau kan wasu?"

"Ya hau. Ban san ko nawa ba. Za mu gani."

Ta soka filash ɗin a kwamfutarta, ta kunna manhajar. Ta ce aikin zai ɗauki lokaci, Auta ta tafi aji.

Ranar nan Auta ba ta ɗaga hannu ko sau ɗaya ba. Ƙawarta ta tambaye ta ko ba ta da lafiya. Ta ce lafiyarta ƙalau, aiki ne ta ɓata, kuma tana neman gyara shi.

Da aka fita tara, ta ruga ɗakin kwamfuta. Malama ta juyo mata da allon. Ga fayiloli nan jere, sai dai sunayensu sun koma lambobi.

"An samo ɗari da ashirin da uku," in ji Malama. "Na ajiye su a kwamfutata, na kuma zuba miki kwafi a wannan filash ɗin nawa. Ki kai wa Ummanki ta duba. Nata kuma ki ajiye shi gefe tukuna."

Auta ta yi godiya har sau uku.

A shago, Umma ta soka filash ɗin Malama a injin. Suka zauna su uku suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Furen nan mai ganye biyar ya fito. Haruffa masu lanƙwasa suka fito. Kifi ya fito, jirgin ruwa ya fito. Duk wanda ya fito, Umma ta faɗi sunansa, Auta ta rubuta a takarda kusa da lambarsa.

Suka kai ƙarshe. Babu tsuntsu a kan littafi. Da shi da wasu zane goma sha ɗaya sun tafi.

Auta ta sunkuyar da kai. Sannan ta ɗago ta ce, "Umma, akwai rigar gwajin nan. Tsuntsun yana jikinta. Ba za mu iya sake zana shi daga nan ba?"

Umma ta ce, "Kwana huɗu ya ɗauke ni, Auta. Kwana ɗaya muke da shi."

"Wancan karon ke kaɗai ce. Yanzu mu uku ne."

Kaka ta yi dariya. "Ji ta. Jiya ta rushe gida, yau ita ce shugabar magina. To, miƙo mini rigar da tabarauna."

Kaka ta yi shekaru tana ɗinkin ado da hannu tun kafin a san inji. Ta shimfiɗa rigar a cinyarta, ta ɗora wata siririyar takarda a kan tambarin, ta bi shi da fensir. Ta nuna musu inda zaren ya miƙe da inda ya kwanta. Umma ta zauna gaban kwamfuta tana zana jikin tsuntsun. Auta ta riƙe ma'auni tana faɗin tsawo da faɗin kowane gashi na fiffike.

Duk bayan ɗan lokaci sai Auta ta ce, "Umma, ajiye." Umma ta ajiye a kwamfuta, ta kuma ajiye a filash ɗin Malama.

Kafin su rufe shago sun gama littafin da jikin tsuntsun. Saura fukafukai da zagayen gwal.

A hanyar gida Auta ta tuna wani abu. Gobe Juma'a bayan an tashi za a yi gasar kwamfuta tsakanin azuzuwa, kuma ita aka zaɓa ta wakilci aji shida. Sati biyu tana shiri.

Ta ce, "Umma, gobe ne gasarmu."

Umma ta ce, "Na sani. Ni ba zan hana ki ba. Ke za ki zaɓa."

Suka kai ƙofar gida. Sannan Auta ta ce, "Shago zan zo. Ni na jawo aikin."

Da safe ta gaya wa Malama. Malama ta ce ta yi daidai, ta sa ƙawarta a madadinta. Da aka tashi, Auta ta ga 'yan ajinsu suna tururuwa zuwa ɗakin taro. Ta gyara jakarta, ta kama hanyar shago.

Ta tarar Umma ta gama fukafukan. Suka yi gwaji a kan wani ƙyalle. Tsuntsun ya fito, amma bakinsa ya karkace.

Kaka ta ce, "Wannan ai agwagwa ce mai mura."

Har Umma sai da ta yi dariya. Suka gyara bakin, suka sake gwadawa. A karo na uku ya fito daidai. Suka ajiye shi kusa da rigar gwaji, ba mai iya bambanta su.

Daga nan aiki ya kankama. Umma tana ɗaure riga a zoben injin. Injin yana ɗinki, ƙit-ƙit-ƙit. Auta tana yanke zaren da ya yi saura da ƙaramin almakashi. Kaka tana ninkewa tana ƙirgawa. Yatsun Auta suka yi ja, bayanta ya ƙage, amma ba ta ce ta gaji ba.

Da yamma shugabar makarantar ta yi sallama. Riga talatin da huɗu ne a ninke, shida suna jira.

Umma ta tashi za ta ba ta haƙuri. Auta ta riga ta.

"Ranki ya daɗe, ni na jawo jinkirin. Na goge zanen tambarinku bisa kuskure, sai da muka sake shi. Saura shida, ba za su wuce awa ɗaya ba."

Matar ta dubi Auta, ta ɗauki riga ɗaya ta ɗaga ta wajen haske. Ta shafa tsuntsun da yatsa.

Ta ce, "Aikin ya yi kyau. Ba ni kujera, zan jira."

Ta zauna kusa da Kaka suna hira. Kafin rana ta faɗi, riga ta arba'in ta sauko daga injin. Suka zuba su a manyan jakunkuna biyu, Auta ta taya matar kai su mota.

Da motar ta tashi, Umma ta sauke numfashi. Ta dafa kan Auta.

"Kin yi aiki yau."

"Sauran goma sha ɗayan fa, Umma?"

"Za mu sake su a hankali. Wasu ma dama ina son in canza su. Nima ina da nawa laifin. Aikin shekara uku bai kamata ya zauna a wuri ɗaya tak ba."

Ranar Asabar da hantsi suka zauna gaban kwamfuta. Umma ta kwance baƙin filash ɗinta daga ƙyalle ta miƙa wa Auta.

"Yanzu nuna mini yadda ake yi. Daga farko."

Auta ta gyara zama. Ta buɗe filash ɗin, ta nuna wa Umma abin da ke ciki. Ta tambaye ta ko akwai abin da take bukata. Umma ta ce babu. Ta ɗauko littafin da ya zo tare da injin ado, ta karanta irin fomatin ɗin da injin yake ganewa, ta zaɓe shi. Da akwatin gargaɗi ya fito, ta karanta shi da ƙarfi tun daga kalmar farko har ta ƙarshe.

Sannan ta juyo. "In danna, Umma?"

"Danna."

Bayan ya gama, suka zuba zanen duka, suka mai wa kowanne sunansa. Suka bar kwafi a kwamfuta. Umma ta fito da wani sabon filash ja da ta sayo, suka zuba kwafi na uku, aka ce wannan a gida zai zauna. Ko da aka zuba komai har da hotunan riguna, baƙin filash ɗin bai yi ko kusa da cika ba.

Umma ta ce, "Ashe da gaske kike, akwai wuri haka."

"Da gaske nake, Umma. Rabin aikin ne kawai ban sani ba."

"To, daga yau na ba ki aiki. Duk ranar Juma'a ke za ki riƙa kwafe sababbin zane zuwa wuraren nan uku. Kin iya?"

"Na iya. In na manta wani abu kuma, zan tambaya."

Ranar Litinin ta mai wa Malama filash ɗinta. Ta ji labari cewa ƙawarta ta zo ta biyu a gasar, ta je ta taya ta murna. Da aka shiga darasi, Malama ta ce akwai wadda za ta yi wa aji bayanin matakan fomatin.

Auta ta fita gaban allo. Ta ba su labarin tsuntsun da riguna arba'in, ba ta ɓoye komai ba. Kowa a aji yana sauraro.

A ƙarshe Malama ta ce, "Me kika koya?"

Auta ta tsaya sosai, ta ce, "Na koyi in saurari bayani har ƙarshensa ko da ina ganin na sani. Na koyi in karanta gargaɗi kafin in danna. Kayan wani kuma ba zan taɓa ba sai ya ce in taɓa. In na yi kuskure, in faɗi gaskiya da wuri, in tsaya a gyara da ni."

Malama ta miƙa mata alli. "To, rubuta mana mataki na farko."

Auta ta rubuta shi da manyan haruffa, yadda na bayan aji ma za su gani: KA KWAFE KAFIN KA GOGE.